Bindiga mai baki biyu: Gadon da ke zuwa da sharaɗi

A cikin kayan da wasu tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa da hafsoshin soja da attajirai suka rasu suka bari a birnin Kaduna, akwai abu guda da kan jefa magada cikin tsaka mai wuya, wato bindigar farauta mai baki biyu.

Akan tarar da ita a bayan kabad ko a can ƙuryar ɗakin maigida, a naɗe cikin tsohon bargo, a unguwannin da manyan ma'aikata suka zauna a arewacin Kogin Kaduna, kamar Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Malali. Wani lokacin akan same ta tare da takardar lasisi wadda wa'adinta ya daɗe da ƙarewa.

A wurin 'ya'ya da jikoki, abin tunawa ce da marigayi. To amma a idon dokar Najeriya makami ce, kuma iznin riƙe ta ba ya cikin abin da ake gada. Bayan wannan kuma, ƙarfen da ya shekara 60 ko 80 yana iya illata mai harbi tun kafin ya taɓa abin da aka auna.

Wace irin bindiga ce?

Bindigar tana da bututu biyu, ko dai a jere kafaɗa da kafaɗa, ko kuma ɗaya bisa ɗaya. Tsofaffin da aka fi sani su ne na jere. Akan karya ta a tsakiya, a sa harsashi ɗaya a kowane bututu, sannan a rufe. Da an yi harbi biyu, sai an sake karya ta an ɗura da hannu.

Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen murɗe irin na bindigar soja. Harsashinta kuma kwanso ne mai ɗauke da albarushi da ɗimbin ƙananan ƙwayoyin dalma, waɗanda kan bazu idan sun fita. Shi ya sa ta dace da tsuntsu mai tashi ko zomo mai gudu, a tazarar da ba ta wuce mita 30 zuwa 40 ba.

Wadda ta fi yawa ita ce mai lamba 12. Lissafin na tsofaffin maƙeran Ingila ne: idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12, aka mulmule kowane kaso, to faɗin ƙwallo guda shi ne faɗin bututun, wato kimanin milimita 18 da rabi.

Hikimar baki biyun kuwa ita ce, galibi akan ɗan tsuke bakin bututu ɗaya domin ƙwayoyinsa su tafi a dunƙule su kai nesa, a bar ɗayan a buɗe. Mafarauci yakan harbi tsuntsu da buɗaɗɗen yayin da yake kusa, idan ya kuskure sai ya bi shi da tsukakken. Maƙerin birnin Birmingham W. W. Greener ne ya yayata wannan fasaha tun daga 1874. A 1875 kuma wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards biyu, Anson da Deeley, suka fito da tsarin da ya ɓoye gudumomin harbi a cikin jikin bindigar. Kafin nan a waje suke, tsaye kamar kunnuwan zomo.

Yadda ta zo Kaduna

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19 sarakunan Daular Usmaniyya suna da 'yan bindiga, kuma har gobe akan ji amon bindigar toka a lokacin hawan salla.

Sai dai a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a wani yanki mai faɗi na nahiyar, ciki har da ƙasar da ta zama Najeriya. Abin da aka bar wa talaka shi ne bindigar da ake ɗurawa ta baki da albarushin kasuwa.

Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya cika da Turawan mulki da hafsoshin rundunar sojan Afirka ta Yamma. Harbin tsuntsaye na daga cikin abubuwan da suke ɗebe kewa da su, kuma a lokacin daji na daf da gari. Zabi da fakara da hasbiya suna nan birjik, ga kuma kirinjijiya da ɗinya a fadamu.

Masanin tarihi Saheed Aderinto, a littafin da ya wallafa a 2018 kan bindiga da al'umma a Najeriya zamanin mulkin mallaka, ya nuna yadda irin bindigar da mutum ya mallaka ke bayyana matsayinsa. Manoma da mafarauta na riƙe da bindigar toka, yayin da bindigar harsashi ta zama ta sarakuna da 'yan boko da masu hannu da shuni, domin ba kowa ake ba lasisinta ba.

A lokacin da 'yan Arewa suka karɓi kujerun Turawa gabanin samun 'yancin kai a 1960 da kuma bayansa, wasunsu sun ɗauki wannan al'ada. Kaduna ta ci gaba da zama babban birnin Jihar Arewa har zuwa 1967, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan wancan zamani a nan suka gina gidaje suka yi ritaya.

Bindigogin sun fito ne daga Birmingham da birnin Liege na Beljiyam, daga baya kuma aka samu na Spain da Italiya, da kuma samfurin Baikal na Tarayyar Sobiyet, wanda ya bazu a Afirka ta Yamma saboda araha da ƙarko. Akwai bindigogin alfarma na kamfanonin London irin su Purdey da Holland & Holland, waɗanda akan yi gwanjonsu a kan dubban fam na Ingila. Amma akasarin waɗanda suka shigo yankin na aiki ne, ba na ado ba, kuma darajarsu a kasuwa ba ta kai yadda wasu magada ke zato ba.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya sha'anin makamai da harsasai a cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu. Dokar makamai da ta fara aiki a 1959 kuma ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta, kamar bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke iya ba da izninsu.

Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A nan ne bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu suka faɗo.

Kashi na uku kuwa shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su.

Wani abin lura shi ne, dokar ta cire duk wata bindigar farauta mai na'urar ɗura harsashi daga kashi na biyu. Ke nan bindigar nan da ake zuge hannunta baya a dawo da shi gaba, wadda jama'a ke kira fam-akshan, ba matsayinsu ɗaya da mai baki biyu ba, ko da yake harsashi iri ɗaya suke ci.

Dokar ta ce samun lasisi ba haƙƙi ba ne da wani zai ce dole a ba shi. Ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya kame kansa, kamar mashayi, da kuma wanda aka taɓa samu da laifin ta da hankali a cikin shekaru 5 da suka gabata.

Haka nan ta hana a yanke bututun irin wannan bindiga ya gaza inci 20, ta hana a sayar ko a miƙa wa wanda bai nuna lasisi ba, kuma ba kowane maƙeri ne ke da iznin gyara ta ba.

Riƙe bindigar kashi na biyu ba tare da lasisi ba na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Idan kuma aka gurfanar da mutum a ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984, hukuncin mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba shi ne tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko kuma a haɗa duka biyun.

Kwana 14 kacal

Sashen da ya fi shafar magada shi ne wanda ya yi magana a kan rasuwar mai lasisi. Dokar ta yarda wanda kayan mamaci ke hannunsa, ko wanda aka yi wa wasiyya da bindigar, ya riƙe ta na tsawon kwana 14 bayan rasuwar. Ta kuma ba 'yan sanda ikon karɓar ta su ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an samu sabon lasisi.

A nan ne doka da al'ada suka saɓa. A mako biyun farko gidan mamaci na cike ne da masu ta'aziyya. A gidaje da dama ba a ta da maganar rabon gado sai an yi arba'in, wasu ma sai matan mamacin sun fita takaba, wato bayan wata 4 da kwana 10. Kafin a zo kan lissafin gonaki da gidaje da motoci, wa'adin da doka ta ɗiba ya wuce ba tare da kowa ya ankara ba.

A shari'ar Musulunci bindigar na cikin dukiyar da mamaci ya bari, kuma kowane magaji na da rabo a cikin ƙimarta. Amma lasisin an bayar da shi ne ga mutum guda, da sunansa, a kan bindiga guda mai lamba. Don haka ɗan da bindigar ta faɗo a kasonsa ya mallake ta ta fuskar gado, amma bai samu iznin ajiye ta a ɗakinsa ba.

Ƙofar da ta yi wuyar shiga

Neman sabon lasisi kuwa ya zo ne a daidai lokacin da hukumomi suka tsaurara.

A 2017 jami'an kwastan sun kama bindigogi ƙirar fam-akshan 2,671 a Legas, a kamu huɗu daban-daban. A watan Fabrairun 2018 Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a. A watan Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai a duk faɗin ƙasar.

Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta ba cibiyar gindin zama. Tun a 2006 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince da wata yarjejeniya kan wannan batu a Abuja.

Dalilin damuwar hukumomin a fili yake. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, adadin da ya ninka na sojoji da 'yan sanda a haɗe sau da yawa.

To sai dai a ɗaya ɓangaren, taɓarɓarewar tsaro ta sa mutane da dama sun koma kallon tsohuwar bindigar gida da wani ido. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, a bakin birnin Kaduna. A watan Agusta na shekarar suka kai hari makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. A ranar 28 ga Maris 2022 kuma aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari.

A wannan yanayi ne gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 takwaransa na Zamfara, Bello Matawalle, ya umarci mazauna jihar su nemi lasisin mallakar bindiga. Babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Masu goyon bayan mallakar bindiga na cewa mai bin doka ne kawai takunkumi ke ɗaure wa hannu, tun da ɗan fashi ba ya neman lasisi. Masu adawa kuma na nuni da cewa bindiga mai harbi biyu, wadda ƙarfinta bai wuce mita 40 ba, ba ta da ta cewa a gaban AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita ɗaruruwa. A garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, suna kuma fargabar abin da yawan makamai a gidaje zai haifar ranar da hankali ya tashi.

Haɗarin da ke cikin tsohon ƙarfe

Ko da an warware batun takardu, akwai sauran rina a kaba. Tsohuwar bindiga da sabon harsashi ba lallai ne su dace ba.

Na farko, tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da dama an yi su ne domin harsashi mai milimita 65, alhali na yanzu galibi milimita 70 ne ko 76. Ana auna tsawon ne bayan kwanso ya buɗe, saboda haka dogon harsashi kan shiga gajeren mazauni lafiya lau. Sai an harba ne bakin kwanson zai rasa wurin buɗewa, matsin iskar albarushi ya ƙaru fiye da abin da aka gina bindigar a kai.

Na biyu, irin ƙarfen. Bindigogin ƙarni na 19 da na farkon ƙarni na 20 da yawa suna da bututun da aka yi ta hanyar murɗa siraran ƙarafa a naɗe su a haɗe da wuta. Akan gane su da wani zane mai kama da igiyar ruwa a jikinsu. An yi yawancinsu ne domin baƙin albarushi, kuma tsatsa na iya cin mahaɗar ƙarafan daga ciki ba tare da ido ya gani ba.

Ingila na da gidajen gwajin bindiga biyu, na London wanda asalinsa ke komawa 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Sukan harba bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, idan ta jure su buga mata hatimi. Hatiman suna ƙarƙashin bututun, a wurin da ke ɓoye sai an kwance ta, kuma su ne ke nuna irin albarushin da aka gwada ta da shi. Amma hatimin shekara 70 da suka wuce shaida ce ta lafiyarta a ranar gwajin kawai.

Na uku, yanayin ajiya. Danshin daminar Kaduna na sa tsatsa ta yi ramuka a cikin bututu, zafi da sanyin hunturu kuma su sa katakon gindinta ya tsage. Zanzaro ma kan yi ɗakinsa na laka a cikin bututun da aka jingine aka manta. Duk abin da ya toshe bututu, ko laka ce ko tsumma, na iya sa ya kumbura ko ya fashe a daidai inda hannun hagu ke riƙe.

Akwai kuma kuskuren da mafarauta a ko'ina suke tsoro: harsashi mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 siranta, idan aka jefa shi cikin bindiga mai lamba 12 yakan zurma ya maƙale a gaba. Mai bindigar sai ya ga wuri fayau ya ƙara wani a bayansa.

Saboda haka ƙa'idojin da masu harbi suka gada ba su canja ba: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, a riƙe ta a karye idan ba harbi za a yi ba, a leƙa cikin bututun kafin a ɗura, kada yatsa ya taɓa kunama sai an auna, sannan a kulle bindiga daban, harsashi daban, inda yara ba za su kai ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya riga ya hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami, ko da cikin wasa ne.

Farauta da hukuncinta

Malaman fiƙihu na farko sun hana cin abin da aka kashe da busasshen dunƙulen yumɓu da ake harbawa, wanda Larabawa ke kira bunduƙa, saboda bugu yake yi ba ya hudawa. Ana danganta kalmar bunduƙiyya da wannan asali, ita ce kuma Hausa ta ara ta zama bindiga.

Da albarushi da dalma suka bayyana, malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas a Maroko, suka ba da fatawar halaccin abin da aka harba da su, domin suna hudawa su zubar da jini. Sharaɗin shi ne a ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan kuma aka tarar da dabbar da sauran rai to a yanka ta. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, ya karhanta farautar da ake yi domin wasa kawai.

Ta fuskar hukuma, lasisin bindiga ba iznin farauta ba ne. Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a 1963, gwamnatin tarayya kuma ta yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985. An haramta farauta a gandun daji na ƙasa, irin na Kamuku da ke yankin Birnin Gwari, wanda ya samu wannan matsayi a 1999.

Dajin ma ba kamar da ba ne. Wuraren da ake harbin zabi a wajen Kaduna sun zama gidaje da gonaki, dazuzzukan da suka rage kuma sun sha fama da 'yan fashin daji. Hatta tafiya da bindiga a mota ta zama abin tsoro. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na jihar Edo, bayan da 'yan sintiri suka ga bindigogin gargajiya a motar da ke ɗauke da su zuwa gida.

Mafita ga magada

Hanyar da dokar ta buɗe ita ce magada su sanar da rundunar 'yan sandan jiha da wuri, su gabatar da tsohon lasisin da shaidar rasuwa, a ajiye bindigar a ma'ajiyar gwamnati, su kuma karɓi takardar shaida mai ɗauke da sunan ƙirarta da lambarta. Sanarwa kafin a fito da ita daga gida ta fi ɗaukar ta a mota a bi ta shingen bincike.

Daga nan sai a yi mata ƙima a cikin lissafin gado. Wanda yake son ta ya nemi lasisi da sunansa, idan kuma za a sayar, to sai ga mai lasisi ko dillalin da ke da rajista. Idan ta ɓace ko an sace ta, dokar ta wajabta wa mai ita ya ba da rahoto cikin kwana 14.

Dattawan da har yanzu ke riƙe da irin wannan bindiga su ne suka fi kowa damar sauƙaƙa al'amarin, ta hanyar sabunta takardunsu da kuma sanar da iyali inda take da abin da za a yi da ita. Hausawa dai na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba kasafai kotu ke karɓar sa a matsayin hanzari ba.